Waɗanda Ba Su Wanke Kansu Ba

Litinin, 12 ga Mayu, bayan asuba

Kai salular ƙungiya sharji wurin mai sola.

Litinin, bayan la'asar

An dakatar da Gado. Saƙo ya zo daga biro, wato ofishin ƙungiyarmu ta manoma da makiyaya da ke Buza: kada ya sake yi wa dabbar kowa allura sai an gama bincike. Dalili kuwa ƙorafi ne ya shiga aplikasiyo daga garinmu, cewa ya zo da maganin allura cikin galasiya, akwatin sanyi, ba ƙanƙara, rana ta dafa shi, awaki suka mutu bayan haka.

Awaki dai sun mutu, wannan ba a musu. Kusan kowane gida an jawo gawa waje watan jiya. Ni ma biyu.

Ni ne animata, mai wayar da kan membobi, Mushe suke ce mini, ni na sa musu aplikasiyon a saluloli bara. Gado kuwa ɗan Maigari ne, kuma ɗan wan baban matata Adawiyya. Tun kafin in gama karanta saƙon na san ƙofar da za a buga.

Talata, 13 ga Mayu, da hantsi

Maigari ya aiko. Na same shi a zaure da dattawa, Gado a gefe yana kallon ƙasa.

Ya ce, "Abdulmumin, kai ka kawo muna abin ga. Hwaɗa min wa ya rubuta."

Na ce ban sani ba, kuma ba ni da hanyar sani. Na yi bayani yadda aka koya mana a Madawa. Kowace salula tana da makulli nata ɓoye a ciki. In mutum zai yi ƙorafi, sai ya danna hotuna: akwati, rana, akuya kwance. Salular ta yi lissafi da makullinta, ta aika shaida cewa mai maganar ɗan ƙungiya ne kuma Gado ya taɓa dabbobinsa da gaske. Shaidar kaɗai ke tafiya. Suna ba ya tafiya, lamba ba ta tafiya. Biro ba su gani, ni ban gani, wanda ya ƙera abin ma bai gani.

Na ga ba su gane ba, sai na kawo misali. Na ce kamar mutum ya rufe fuska, ya shiga magazar ajiyar kaya ya fito maka da buhu, ka tabbata yana da makulli amma ba ka san ko wane ne ba.

Maigari ya ce, "To wannan ai ɓarawo na."

Aka yi dariya. Wataƙila ni ne ban iya bayani ba.

Alhamis, 15 ga Mayu, bayan magariba

Adawiyya ta ajiye mini tuwo ta tsaya. Ta ce, "Baban Zuhura, in ka sani ka faɗa a huta. Gidanmu ne fa." Na ce ban sani ba. Ta ce kowa ya san salular ƙungiya tana hannuna.

Na rubuta shi nan don in gani da idona: ban sani ba.

Juma'a, 16 ga Mayu, bayan masallaci

Gari ya ɗora wa Illa laifin ƙorafin. Bara sun yi cacar baki da Gado kan wata tunkiya, kowa ya tuna. Yau a masallaci mutum biyu suka matsa daga kusa da shi.

Ya biyo ni har gida. Illa taubashina ne, bai taɓa shigo mini ba tare da tsiya a baki ba, amma yau ko sallamarsa ba ta da daɗi. Ya ce, "Kai mai alƙalamin biki da kayen rubutu, ka ga abin da bokonka ya ja min? Surukina ya ce kar in sake taka gidanai." Na ce ya yi haƙuri, abin zai wuce. Ya ce da Alƙur'ani zai dafa, amma Gado ya ce rantsuwar Illa ba ta sayen goro.

Sai na tuna akwai wani wuri a cikin aplikasiyon, can ƙasa, an rubuta "Ba ni ba ne". An ce mana don wanda aka yi wa ƙazafi aka sa shi. Ka zaɓi ƙorafin, ka danna, salularka ta yi lissafi ta nuna kore in ba daga gare ta ya fito ba. Ba ta faɗin wanda ya aika, kai kaɗai take wankewa.

Muka hau tudun makaranta inda rezon waya ke kamawa. Ya danna. Kore. Ya yi tsalle kamar yaro, ya ce yau ya yarda ban yi zaman lakkol, makarantar boko, a banza ba, ya ruga ƙofar Maigari da salular a sama.

Na ji daɗi. Karo na farko cikin mako na ji na yi wani abu daidai.

Lahadi, 18 ga Mayu, da hantsi

Mutum shida a ƙofata tun kafin in sha koko, kowa da salula a hannu. A nuna musu wurin da Illa ya danna.

Lahadi, bayan la'asar

Ya kamata in san haka za ta faru. A garin nan ko kaza ta ɓace, kowa kan tafi ƙofar Maigari ya wanke kansa kafin a tambaye shi. Haka muka taso muka gani. Wanda ya zauna gida, an san me ake kiransa. Ba wanda ya tilasta wa kowa; Maigari bai ce uffan ba. Su da kansu suke hawa tudu, su sauko su miƙa masa kore, ya gyaɗa kai ya ce Allah shi yi albarka.

Na nuna wa shidan. Me zan ce musu? Ga Illa an yi masa.

Litinin, 19 ga Mayu, bayan asuba

Mu talatin da ɗaya ne Gado ya yi wa allura a garin nan. In talatin sun nuna kore, ba sai an buɗe komai ba: wanda ya rage shi ne mai ƙorafin.

Ban ci abin kari ba.

Litinin, da azahar

Na kira Mahfuzu, saurayin da ke kula da aplikasiyon daga Tawa. Sau uku rezo na yankewa. Na faɗa masa abin da ke gudana. Ya fara da cewa lissafin bai yi kuskure ba, ba wanda zai iya fasa shi ko da injin duniya duka. Na ce ba wanda ke fasa shi, layi ake yi.

Ya ce, "Ku nawa ne a can, Mushe?"

Na faɗa masa.

Ya ce su da dubban mutane suka gwada, a nan in goma sun wanke kansu ba ya rage komai. Zai cire wurin dannawar, amma sai shugabanninsa sun zauna runiyo, taronsu, sun yarda, sannan kowace salula ta sauke sabon, kuma wanda bai sauke ba tsohon na nan hannunsa. Na ce yaushe. Ya ce zai yi ƙoƙari. Ya ce kafin nan in hana mutane.

In hana su. Shi bai taɓa zama a zaure ba.

Laraba, 21 ga Mayu, bayan magariba

Na gwada hanawa. Na tsaya a gindin tudu ina cewa kowa ya dakata, abin nan yana cutar da wani. Wani dattijo ya ce, "Wa yake cutarwa, Mushe? Kai da ka ce ba ka sani ba?" Suka wuce ni. Yanzu ma ba sa bukatata, wanda ya iya yana nuna wa wanda bai iya ba.

Alhamis, 22 ga Mayu, da hantsi

Gado ya zo da kansa. Ban zata ba. Ya ƙi zama kan tabarma, ya tsuguna a bakin ƙofa. Ya rame.

Ya ce ranar da ya ɗauko maganin a Buza firjin ba wuta tun daren jiya, ƙanƙarar da aka ba shi ba ta kai tafin hannu ba, kuma moto, babur ɗinsa, ya mutu masa bayan Karofan ya tura shi cikin rana. Ya san ruwa ne a galasiyar lokacin da ya iso. Mutane sun riga sun tara dabbobi, ga babansa yana kallo, sai ya yi allurar.

Na ce to ya faɗa wa biro haka, gaskiya ce kuma ba laifinsa ne shi kaɗai ba. Ya ce zai faɗa, amma sai ya ga fuskar wanda ya kai shi ƙara a bayan ido. Ya ce, "Da ya zo ya same ni, yaya, da na biya shi akuyarshi. Yanzu ko ragunan layya ba wanda ke kirana in duba."

Ban ce masa komai ba kan wanda ba zai iya zuwa ya same shi ba. Akwai mutanen da in suka tsaya a ƙofar gidansu da irin wannan magana, ba su sake shuka.

Asabar, 24 ga Mayu, bayan la'asar

Saura tara ba su danna ba.

Lahadi, 25 ga Mayu, da hantsi

Lawali, ɗaya daga cikin taran, ya zo yana kusan kuka. Salularsa ta faɗa rijiyar garka tun watan azumi. Ya sayi wata a kasuwar Buza, ya ce in sa masa ya danna. Na sa, ba ta san shi ba, makullin ya tafi da tsohuwar. Na yi masa bayani sau biyu. Ya ce wato shi ba shi da wanki ke nan har abada? Na ce ta wannan hanya, babu.

Ya ce, "Kun ce abin ga na kare mutunci na." Na ce haka aka ce mana.

Litinin, 26 ga Mayu, bayan magariba

Akwai sunan da nake ta kewayewa a kayen nan tun makon jiya. Yau Adawiyya ta faɗe shi tana tsince wake, ba tare da ta dube ni ba. Ta ce mata na cewa Biba ba ta hau tudu ba. Ta ce kuma an ji Maigari na cewa duk wanda aka samu, in yana cin ƙasar gidansu, bana ya nemi wata.

Biba matar Ilyasu ce, wanda ya tafi Aljeriya shekara uku ba labari. Awaki biyar gare ta, huɗu suka tafi. Gonar da take ci da ƴaƴanta aro ce daga gidan Maigari, tun zamanin kakan mijinta. Ba takarda, ba shaida, magana ce kawai ake sabuntawa kowace shekara kafin ruwa.

Ranar da na sa mata aplikasiyon bara, ta tambaye ni ko da gaske ba mai gani. Na ce da gaske. Ta juya za ta tafi ta dawo ta ce, "Ko kai, Mushe?" Na ce ko ni.

Ban san ita ce ba. Mai yiwuwa megar intanet ce ba ta da ita. Mai yiwuwa kunyar hawa tudu cikin maza take. Ban sani ba.

Talata, 27 ga Mayu, da azahar

Mahfuzu bai ɗauka ba. Ya aiko saƙo: an ɗage runiyo, shugaba ya tafi Yamai.

Laraba, 28 ga Mayu, da hantsi

Na je wurin Inna Cima, shugabar mata, don ita ma ba ta danna ba. Na same ta tana dakan kuka. Na ɗauka ba ta iya ba ne, ta ce ta iya sarai, jikarta ta nuna mata. Ta ce ta tsufa da yin layi don a ce mata Allah shi yi albarka.

Na faɗa mata lissafin, in kowa ya fita sai mutum ɗaya. Ta ce ita ta gane tun ranar Illa, ba ta bukaci lakkol ba. Ta ce za ta zauna, amma zamanta ba ya rufe kowa: kowa ya san ita in tana da magana da Gado a tsakar kasuwa za ta faɗa masa, kuma gonarta tata ce.

Sai ta dube ni ta ce, "Kai fa? Ka danna?"

Wallahi sai a lokacin na tuna ban danna ba. Ina ta bin na mutane na manta ni ma ina cikin talatin da ɗayan.

Alhamis, 29 ga Mayu, bayan la'asar

Saura huɗu: Inna Cima, Lawali, Biba, ni. An yi shela gobe bayan masallaci mu zo zaure da salulolinmu. Maigari ya sa a ɗauko wata babbar salula mai raba rezo daga Karofan don kada a ce tudu ya yi nisa.

Hadari ya taso gabas ya watse.

Na zauna na rubuta abin da zan iya yi, kamar yadda na saba. In ce abin ya lalace: Illa zai danna tasa a gabansu, ta yi kore. In ɓoye salulata: za a ce to sauran su danna. In tafi Madawa da sassafe: haka nan. Mahfuzu: babu. Na duba takardar, ba abin da ya rage a kanta.

Adawiyya ta wanke mini farar riga. Ta ce gobe in na danna sai in biya in gaida babanta, ya kwana biyu yana jin nauyin mutane saboda ni.

Juma'a, 30 ga Mayu, bayan magariba

Zan rubuta shi a jere don kada in ƙara ko in rage.

Zaure ya cika har waje. Lawali ya fara, ya ce shi a ba shi Alƙur'ani. Liman ya ce a bari tukuna. Inna Cima ta zauna kan turmin da aka kife mata, salula a ƙulle a bakin zane. Biba tana bayanta, goye da ƙaramin, ba ta ɗaga kai ba. Ni ma ban dube ta ba bayan wannan.

Maigari ya ce, "Abdulmumin, kai ad da abu, kuma kai na gida na. Hwara, su gani."

Na fito da salular. Na mayar da ita aljihu. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri. Ba zan danna ba."

Ya ce bai ji ba. Na sake faɗa. Ya ce don me. Na yi niyyar in yi bayanin lissafin, na ma shirya kalmomin tun asuba, amma na ga in na yi, kowa zai juya ya dubi bayan Inna Cima. Sai na ce ba ni da abin da zan ƙara.

Gado ya miƙe. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ashe kai ne, yaya. Na zo har ƙoharka na hwaɗa maka cikina."

Ban musa ba.

Daga nan surutu ya tashi. Wani ya ce dama wa zai iya irin wannan in ba ɗan boko ba. Wani ya ce shi ya sa nake tare mutane a gindin tudu. Komai ya zauna musu daidai, har ni da nake ji na ga ya yi ma'ana. Maigari ya ɗaga hannu ya ce magana ta ƙare, kowa ya tafi. Ba a tambayi Lawali ba. Ba a tambayi matan ba.

Illa ya raka ni har gida. A ƙofa ya ce, "Kai da ko sauro sai ka yi shawara kahin ka kashe." Ya tsaya kamar zai ƙara, ya fasa.

Asabar, 31 ga Mayu, bayan asuba

Ban yi ƙarya ba. Ban ce ni ne ba. Amma na bar su sun ɗauka, kuma na san za su ɗauka. Ban san sunan wannan a wurin malamai ba, kuma ba zan iya tambayar Liman ba tare da na faɗa masa dalili ba.

Asabar, bayan la'asar

Adawiyya ta tafi gidansu da Zuhura. Ta ce kwana biyu ne, babanta ba ya jin daɗi. Kafin ta fita ta tambaye ni sau ɗaya, a hankali, ko ni ne. In na ce a'a, kafin magariba yana zaure, ba don mugunta ba, don ta wanke ni. Na ce mata ba zan danna ba. Ta ɗauki ƙullin kayanta.

Litinin, 2 ga Yuni, da azahar

Komitin gari ya zauna ba da ni ba. Za su rubuta wa Buza a ba su wani animata. Moto da salular ƙungiya in mayar kafin sallah.

Mahfuzu ya kira da murna, an yarda, an cire wurin dannawar, sabon ya fito. Ya ce sun sa a rahoto cewa daga wani gari a Adar aka gano matsalar. Ya tambaya ko abin ya lafa. Na ce ya lafa.

Talata, 3 ga Yuni, bayan magariba

Ruwa ya sauka jiya da la'asar, mai kyau, har ƙasa ta sha. Yau gari duka yana gona. Ni kaɗai na yi tawa, ina sara ina komowa ina zuba iri, aikin mutum biyu. Ban kai rabi ba.

Da zan dawo na bi ta gefen gonakin gidan Maigari don hanyar kwari ta cika. Biba tana cikin tata, babbar ɗiyarta na bin ta da ƙwaryar iri. Ta ce sannu da aiki, Mushe, ya ruwa. Na ce ruwa ya yi gyara. Ta sunkuya ta ci gaba. Ba ta ƙara ko kalma ba, fuskarta kamar kullum. Na yi ta juya gaisuwar a raina har gida, ban sami komai a cikinta ba. Mai yiwuwa ma ba ita ba ce.

Gobe:

Ƙarasa shukar gefen yamma kafin ƙasa ta bushe.
Wanke moto, cika masa esans, kai wa sakatare.
Kwafe lambobin mutanena daga salular ƙungiya.
Nemo wanda zai nuna wa sabon animata yadda ake sauke sabon aplikasiyo, tunda ni ba za su tambaye ni ba.
Ragon layya, har yanzu ban duba ba.
Zuwa gaida baban Adawiyya. In an bar ni na shiga.